Daga bakin masai zuwa kanal ɗin Bakalori

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya faɗo ƙasar Maradun, inda madatsar Bakalori ta sha gabansa tun 1978. An tsara tafkin da ke bayan madatsar ya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, kuma daga nan kanal-kanal ke kai ruwa gonakin shinkafa da albasa da tumatir na Talata Mafara da Bakura da Maradun. A wannan ruwa ake su, a bakinsa ake wanki, shanu na sha, yara na iyo. Kowane gari da gulbin ya wuce kuwa yana da abin da yake fitarwa kullum: ruwan kwata, wankin mayanka, abin da aka yaso daga masai aka juye a bayan gari, da kashin da aka yi a fili yana jiran ruwan farko na damina ya kwashe shi. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 48 ne ke bahaya a fili. A shekarar kuma an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin kwalara ta kama, fiye da 3,500 suka rasu, Zamfara na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna. Amsar mahukunta tun dokar shugaban ƙasa ta 2019 kan hana bahaya a fili ita ce kowa ya gina masai. Gina masai daidai ne, amma masai cika yake yi, abin da ke cikinsa kuma dole ya je wani wuri. Maganar wannan wurin ce aka bari a baya.

Kafin a je ga wurin, ya kamata a san mai yin aikin tsarkakewar, domin a nan ake yawan ɓata. Mutane da yawa in sun ji an ce tashar gyaran ruwan ƙazanta, abin da ke faɗo musu a rai shi ne rariya da injuna da magunguna. Rariya tana tare tsumma da leda, yashi yana kwantawa da kansa, amma mafi yawan ƙazantar da ke cikin ruwan masai narkakkiya ce, ko kuma ta yi ƙanƙantar da babu rariyar da za ta riƙe ta. Cinye ta ake yi, masu cin kuwa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, galibinsu bakteriya. An tabbatar da haka tun 1877, lokacin da wasu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka riƙa ɗiga ruwan ƙazanta ta cikin dogon bututu cike da yashi. Wajen kwana 20 babu abin da ya canza, daga nan amoniyar da ke cikin ruwan ta fara juyewa zuwa naitiret. Da suka busa wa yashin tururin kulorofom, maganin da ke sumar da mai rai, aikin ya tsaya cik. Da suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, ya dawo. Da a ce yashin ne ke tacewa, da bai jira kwana 20 kafin ya fara ba, kuma da maganin sa barci bai hana shi ba.

Rukunin farko na waɗannan halittu da iskar oksijin suke numfashi kamar mu. Suna cin abin da ke cikin kashi da jini da ragowar abinci, su mai da wani sashe iskar kabon da ruwa, su gina jikinsu da sauran su hayayyafa. In abinci da iska sun wadata, wasunsu kan rabu biyu a ƙasa da sa'a guda. Injiniyoyi suna auna ƙarfin ƙazanta da yawan oksijin ɗin da bakteriya za su zuƙe cikin kwana 5 suna cin ta, ma'aunin da suke kira BOD, wanda wani kwamitin masarautar Ingila ya tsayar a 1912. A ƙasashe irin namu ana lissafa wa kowane mutum kimanin giram 40 a rana. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwa ba ya riƙe oksijin da yawa: lita ɗaya a zafin digiri 20 ba ta cika wuce miligiram 9 ba, a digiri 30 kuwa ta sauko wajen 7 da rabi. Ke nan ƙazantar mutum ɗaya ta yini guda tana iya shanye iskar da ke cikin lita fiye da 5,000 na ruwan gulbi a lokacin zafi. Shi ya sa kwata ke yin baƙi ƙirin tana wari, shi ya sa kifi ke tasowa sama yana haki a ruwan da ƙazanta ta yi wa yawa.

Inda oksijin ya ƙare wani rukuni ke karɓar aiki, kuma su ne mazauna kowane masai da kowane sokawe a Mafara. Aikinsu hannu da hannu ne: wasu su narkar da daskararren abu, wasu su mai da shi tsami, na ƙarshe su mai da tsamin iskar metan mai kamawa da wuta. Su ne dalilin da ya sa masan gida ke shekaru bai cika ba. Abin da ke taruwa a rami bai cika wuce lita 40 zuwa 60 ga kowane mutum a shekara ba, alhali abin da ya shiga ya ninka haka, domin ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa, bakteriya kuma sun ci rabonsu a sauran. Masu yin metan ɗin nan su ne mafi rauni a cikinsu, kwanaki suke ɗauka kafin su ninka, kuma abu kaɗan ke kashe su. Mai daddawa ta san wannan ilmi tun ba a rubuta shi ba: ta dafa kalwa, ta rufe a wuri mai ɗumi, ta ba ta kwanakinta, ba ta zuba abin da zai ɓata ta, bakteriya su ƙarasa mata aikin. A gidaje da yawa kuwa, da masai ya fara wari sai a tsiyaya masa kananzir ko baƙin mai ko Izal. Warin ya lafa kwana biyu, amma an taɓa masu rage wa ramin kaya, man kuma yana iya bin ƙasa ya isa rijiya. Maganin wari da ƙuda shi ne dogon bututun iska mai raga a baki, irin wanda aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970.

Akwai kuma masu aiki a kan amoniyar fitsari, irin waɗanda Winogradsky ya ware a wajen 1890. Su ne ke mai da ita naitiret, abin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun takin zamani. A gona albarka ne, a rijiya kuwa guba ne ga jarirai in ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A unguwannin cikin gari inda katanga ke jingine da katanga, da garuruwan fadama inda ban-ruwa ya ɗago ruwan ƙasa kusa, wannan ƙa'ida ba ta cika yiwuwa, sai dai a gina rami marar zurfi da aka shafe da siminti, wanda kuma dole a riƙa yashe shi a kai a kai.

Duk wata fasahar gyaran ruwan ƙazanta amsa ce ga tambaya ɗaya: ta ina za a samo wa bakteriya iska, kuma wa zai biya? Amsar Turai ta fito ne a 1914 daga Manchester, inda Ardern da Lockett suka gano cewa in ana hura iska cikin ruwan ƙazanta, sannan a bar lakar da ta taru ta kwanta, a dawo da ita cikin sabon ruwa maimakon a zubar, aikin da ke cin makonni sai ya koma na sa'o'i. Lakar nan ba komai ba ce illa dunƙulen bakteriya masu yunwa. Wannan hanya ce manyan biranen duniya suka bi, ita ce kuma ake bi a tashar Wupa ta Abuja. Tana da ƙwari, ba ta cin fili, kuma birnin da ƙasa ta yi tsada a cikinsa ba shi da zaɓi. Sai dai injunan hura iska kaɗai kan cinye rabin lantarkin tasha ko fiye, dare da rana, ba hutu. In wuta ta ɗauke na dogon lokaci bakteriyan su shaƙe, lakar ta ruɓe, kuma raya ta daga farko makonni yake ci. Abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ne an tsara irin wannan tasha ne don ceton kifin kogunan Ingila, kashe ƙwayoyin cuta ba ya cikin babban aikinta. Takan rage ƙwayoyin hanji da kashi 90 zuwa 99 cikin 100, wanda a kunne da yawa ne, amma ruwan da ya shigo da miliyan 10 a kowane mililita 100 zai fita da 100,000 ko fiye, sai an bi shi da kulorin.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tsallaka teku a nuna musu makomar na'urar da ranta ke hannun lantarki. Aikin ban-ruwan Bakalori da kamfanin Impresit na Italiya ya gina an shimfiɗa shi ne a kan hekta kimanin 23,000. Kusan kashi biyu bisa uku an tsara a shayar da shi da na'urorin yayyafi masu buƙatar famfo da wuta, ragowar kuma ruwa ya gangaro da kansa ta kanal. Ɓangaren yayyafin ya daɗe da mutuwa. Ɓangaren gangaren ya sha ciyawa da yashi da sakaci, amma ya rayu, manoma suka ci gaba da lallaɓa shi. Da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya zo gyara, kanal ya nufa, har da mai da wani yanki na tsohon filin yayyafi zuwa tsarin gangare. Duk wanda zai kawo wa Talata Mafara tashar ƙazanta mai injin hura iska, sai ya fara bayyana dalilin da zai sa injinsa ya tsira daga abin da ya kashe famfunan Bakalori.

Amsa ta biyu ita ce a bar rana ta samar da iskar. Tsarin tafkuna ne a jere, ruwa na gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya. Na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, babu oksijin a cikinsa, kuma 'yan uwan mazauna masai ne ke aiki a nan. Nazarin da Duncan Mara da abokan aikinsa suka yi a Campina Grande, arewa maso gabashin Burazil, ya nuna cewa a zafin digiri 25 wannan tafki kan cire kimanin kashi 70 na BOD cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Yawancin ƙwan tsutsar ciki a nan suke nutsewa, ɗan sinadarin ƙibiritu da ke tasowa a ciki kuma yana kashe ƙwayar kwalara. Na biyu faffaɗa ne, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi, ruwansa kore shar saboda ƙananan gansakuka masu yawo a cikinsa. A nan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ake yi: bakteriya su ci ƙazanta su fitar da iskar kabon, gansakuka ta ɗauki kabon ɗin da hasken rana ta fitar da oksijin, bakteriya su shaƙa. Aikin da injin ke yi a Wupa ke nan, ba da ko kwabo na dizal ba. Tafkunan ƙarshe sun fi rashin zurfi, kuma aikinsu kashe cuta ne. Da rana ta take, gansakuka kan zuƙe kabon har ruwan ya yi kaifi irin na ruwan toka, ma'aunin pH ya haura 9, hasken rana na ratsa shi, ga wasu ƙananan halittu masu farautar bakteriya. Ƙwayar da ta saba da duhun hanji ba ta daɗewa a irin wannan wuri.

Zafin da ake kuka da shi a bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, a nan jari ne. Gerrit Marais, injiniyan Afirka ta Kudu, ya fitar da lissafi a 1974 wanda har yau ake amfani da shi: kowane ƙarin digiri ɗaya yana ƙara saurin mutuwar ƙwayoyin hanji a tafki da kashi 19 cikin 100. A digiri 25 saurin ya ninka na digiri 10 fiye da sau goma, wato abin da Turai ke jira wata da watanni a lokacin sanyi, a nan kwanaki ne, ko da an yi lissafin da sanyin hunturu kamar yadda ya kamata. Lissafin nasa ya nuna wani abu kuma da ya fi wannan muhimmanci. A digiri 25, tafki ɗaya da ruwa zai kwana 15 a ciki yana rage ƙwayoyin sau 94 kawai. A raba wannan filin gida uku, ruwa ya kwana 5 a kowane, ragin ya haura sau 32,000. Dalili shi ne a tafki guda sabon ruwa yana cakuɗuwa da tsoho, wani ma ya zarce mafita a ranar da ya shigo. Wannan ne bambancin tafkin da aka tsara da kududdufin bayan gari, wanda aka haƙa don ƙasar gini ya zama matattarar kwatocin unguwa. Bakteriya da gansakuka suna nan a kududdufi suna iya ƙoƙarinsu, amma rami ɗaya ne, ana zuba masa ta kowace kusurwa, babu mai ƙidaya kwanaki, ruwan sama ɗaya kuma ya isa ya tumbatsa shi cikin gidaje.

Wannan ba dabarar talaka ba ce da ake ba shi don an rasa ta gaske. Faransa tana da irin waɗannan tafkuna fiye da 2,000 a ƙananan garuruwanta. Nairobi ta dogara da na Dandora, waɗanda ke cikin mafi girma a Afirka. A gabashin Kolkata ta Indiya, tafkunan kifi ne ke shanye kaso mai yawa na ƙazantar birnin, kuma an sa yankin, mai hekta 12,500, cikin wuraren yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2002. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana amfani da su a Samaru. Kuɗinsu fili ne. Ko an ware wa kowane mutum murabba'in mita 2, gari mai mutum 50,000 hekta 10 zai buƙata, a yankin da aka shimfiɗa ban-ruwa a kan 23,000.

Suka mafi ƙarfi da za a yi wa wannan magana ita ce: tafki yana jiran bututu ne, a nan kuwa babu bututun. Gaskiya ne. In aka cire Abuja da wasu unguwannin Legas da 'yan rukunin gidaje da makarantu, babu garin Nijeriya da ke da bututun kwashe ƙazanta daga gida-gida, kuma irin wannan bututu ba ya tafiya sai da ruwan famfo mai yawa. Saboda haka abin da ke gaban Mafara da Bakura da Maradun a yau shi ne lakar masai, wadda masu yasa, waɗanda Kanawa ke kira gidan kowa da akwai, ke kwashewa da bokiti da duro, ko motar zuƙa ta ɗauka, a juye inda dare ya yi. Wannan laka ta ninka ruwan bututu ƙarfi sau goma ko fiye, amoniyarta kuma za ta kashe gansakuka in an juye ta kai tsaye a tafkin kore. Don haka ake fara baza ta a gadajen shanya, wato filin da aka daɓe da tsakuwa da yashi, kauri kamar taƙi ɗaya. Ruwan ya tsiyaye ya bi zuwa ƙananan tafkuna, lakar ta bushe cikin 'yan makonni a rani. Busasshiyar ba ta gama tsarkaka ba, domin ƙwan macijin ciki yana iya shekaru a raye. Sai a haɗa ta da shara mai ruɓewa a tara tsibi ana juyawa, wasu bakteriya masu son zafi su ɗaga cikin tsibin sama da digiri 55, zafin ya dafa ƙwan. An gwada haka a Buobai, kusa da Kumasi, tun 2002. A yankin da ake tara buntun shinkafa tsibi-tsibi ana banka masa wuta, abin haɗawa ba zai yi wuya ba, kuma manomin da ya san farashin buhun yuriya ba sai an roƙe shi ya ɗauki taki ba. Tafkuna cikakku kuwa a fara da inda ƙazanta ke taruwa wuri ɗaya: makarantun kwana, asibiti, mayanka, ban-ɗakunan kasuwa da tasha.

Sai maganar wari da sauro. Tafkin farko yana wari ne in an yi masa lodi fiye da ƙima, kuma ƙimar sananniya ce, kimanin giram 350 na BOD ga kowace mita kubik a rana a zafi irin namu. Duk da haka a nisanta shi da gidaje mita 500 in da hali, kuma tunda iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu daga arewa maso gabas, wurin da ya dace shi ne arewa maso yamma ko kudu maso gabashin gari. Sauro kuwa ciyawar bakin ruwa yake nema, inda iska ba ta kaɗa ruwa. In zurfi ya kai mita guda, an daɓe gaɓa, ana yanke ciyawa ana kwashe abin da ya taso sama, tsutsarsa ba ta samun mafaka. Haka ma katantanwar da ke ɗaukar tsargiya, cutar da ke bin aikin ban-ruwa duk inda ya je. Ƙwan tsargiya da ya fita cikin fitsari yana ƙyanƙyashewa da ya taɓa ruwa, abin da ya fito kuma in bai sami katantanwa cikin sa'o'i ba, sai ya mutu. Fitsarin da ya tafi masai ko tafkin da babu ciyawa ya yanke zagayen cutar, wanda aka yi a kanal ya ci gaba da shi. Amma a faɗi gaskiya, tafkin da aka gina aka watsar cikin damina biyu zai koma kududdufi, ya ma fi shi muni. Ba ya buƙatar injiniya kullum, amma yana buƙatar mutum biyu ko uku da lauje da shebur da albashin da ba ya yankewa.

Tambayar najasa ba ta wasa ba ce a Zamfara, kuma hukuncinta na malamai ne. Abin da za a ajiye a gabansu shi ne babu mai cewa a sha wannan ruwa ko a yi alwala da shi. Duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwan da najasa ta canza wa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi. Maganar ta shayar da shuka ce, kuma Mukhtasar na Khalil ya lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawar halaccin amfani da ruwan ƙazanta in an gyara shi har siffofin najasar suka gushe, ba kuma cutarwa. Hanin da ya zo a hadisi game da biyan buƙata a mashaya da kan hanya da inuwa, da fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya fi kusa da abin da ake yi yanzu, inda ake juye duro a kwazazzabon da ke gangarawa gulbi. Ta fuskar lafiya, a 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙwayoyin hanji 1,000 a mililita 100 da ƙwan tsutsa ɗaya a lita ga ruwan da za a shayar da abin da ake ci ɗanye, a 2006 kuma ta ƙara da matakan kariya kamar zaɓen irin shuka da tsai da ban-ruwa kwanaki kafin girbi. Hankali ya ce a fara da masara da auduga da itatuwa, a bar latas da kabeji. Masu lambun bakin Jakara a Kano sun yi shekaru da dama suna shayarwa da ruwan da ba a gyara ba ko kaɗan, don ruwa da taki kyauta ba su da mai ƙi. Za a yi amfani da shi ko an yarda ko ba a yarda ba, abin da ke hannun hukuma shi ne kwana nawa zai yi a tafki kafin ya isa gona.

Akwai abin da ƙananan halittu ba su iyawa, kuma Zamfara ta san shi da hawaye. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta ruɓewa, babu bakteriyar da za ta cinye ta ta ɓace, sai dai ta kwanta cikin laka ta bi taki ta koma gona. Haka kuromiyam ɗin masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. A Wagadugu, tafkunan Kossodo sun yi aikinsu a kan ƙazanta, amma ruwan masana'antu da ke shiga cikinsu ya zo da sinadarin soda, ƙasar lambunan da aka shayar ta daskare ta daina shan ruwa. Bazararmu ma tana shan ruwan tafki ta bar gishirinsa. Saboda haka dole a san abin da kowace mota ta ɗauko, a hana ruwan wankin ma'adinai da baƙin man gareji shiga, a kuma auna takin kafin a sayar.

Mai karatu a Maradun yana iya cewa mutanen da ba su iya zuwa gona don 'yan bindiga ba su da lokacin zancen bakteriya. Amma rashin tsaron ne ya kwaso ƙauyuka ya cusa su cikin garuruwa, masan da aka haƙa wa mutum goma yanzu yana ɗaukar talatin, irin cunkoson da kwalara ke so ke nan. Tafki da gadon shanya kuma ba su da taransfoma ko wayar tagulla ko tankin dizal da za a sace, ba sa jiran ƙwararre daga Abuja wanda ke tsoron hanya. Abin da zai iya kashe aikin tun kafin a fara shi ne yadda za a karɓi filin. Mutanen da iyayensu suka tare hanyoyin aikin Bakalori don neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu a watan Afrilun 1980, ba za su ba da hekta 10 da alkawarin baki ba, sai an biya kafin a kafa turke. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ban-ɗakunan jama'a da kwashe ƙazanta da shara a kan ƙananan hukumomi, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuma ya ce kuɗinsu ya riƙa zuwa musu kai tsaye. Awon da ake buƙata bai fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen Jami'ar Jihar Zamfara ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ba, dukansu a Talata Mafara suke: ƙidayar ƙwan tsutsa da madubin likita, ƙidayar ƙwayoyin hanji, awon gishiri da dalma. Na yau da kullum kuwa mai gadi ma ya isa, domin launin tafki na biyu yana faɗin lafiyarsa. In kore ne shar, aiki na tafiya. In ya koma ruwan hoda ko toka-toka, lodi ya yi masa yawa, sai a rage motocin da ke juyewa har ya dawo.